Kwalbar da Ta Daskare a Garwa

Tun ranar da na dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce, "Ma'u, ya Kamaru?" Waccan ta ce, "Kin ce kwana biyar za ki yi, sai ga shi kin kusa cinye wata, ko miji kika samu?" Waɗanda suka zo har gidanmu a Tumfure, nan Gombe, kuwa ba su tambayi komai ba, ido kawai suka zuba min, don sun ga yadda na zube. Na gaji da cewa "lafiya lau." Ba lafiya lau ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta muku komai sau ɗaya, ku 'yan ajinmu da duk wanda za ku tura wa. Akwai wuraren da har yanzu ba na son tunawa, amma zan kai ƙarshe in Allah ya yarda.

Akwai abin da zan fara faɗa muku wanda ban taɓa faɗa ba. Ina da ciwon suga. Tun muna aji biyar, lokacin da na yi wata guda ba na zuwa makaranta aka ce muku taifot ne. Irin nawa ba na tsofaffi ba ne, ba kuma yawan shan zaƙi ya jawo shi ba. Jikina ne ya daina yin wani sinadari da ake kira insulin, wanda shi ke shigar da sugan abinci daga jini zuwa cikin tsoka. Don haka safe da yamma, kafin in ci abinci, sai na zuƙo shi daga 'yar kwalba na yi wa kaina allura. Ba fashi, ba ranar hutu, ko ranar salla.

Mutum biyu ne kawai suka sani: Mama, da Sista Rifkatu, nas ɗin da ke duba ni a asibiti. Baba ya rasu kafin ciwon ya zo. Mama ce ta ce a rufe. Ta ce mutane ba su da kirki, za su ce 'yarta ba ta auruwa, dangin Baba kuma za su ce daga wajenta na gado. Ni ma na yarda da ita, ban taɓa musu ba.

Dalilin tafiyar shi ne Goggo Dija, yayar Baba da ke aure a garin Garwa a Kamaru, 'yarta ta yi haihuwar fari. Mama ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, sai aka ce in bi Bappa Usmanu, ƙanen Baba, in wakilci gidanmu. Bappa ɗan kasuwa ne, hanyar nan ya san ta kamar tafin hannunsa. Na je na gaya wa Sista Rifkatu. Ta rubuta min takardar asibiti, ta ce in tafi da kwalba biyu ko da ɗaya za ta fashe. Ta ce, "Asma'u, bazara ce, garin can kuma ya fi nan zafi. Zafi yana kashe maganin nan. Ki sa shi a kula, ki naɗe da tawul, kar ki bari ya taɓa ƙanƙara." Na ce to. A raina na ɗauka don kar takardar jikin kwalbar ta jiƙe ta saɓule ne. Ban tambaya ba.

Mun bar gida da sassafe, keke ya kai mu tasha. Kwalabena biyu suna cikin gwangwanin madara, gwangwanin cikin tawul, tawul ɗin cikin ƙaramar kular abinci da ledar ƙanƙara a gefe. Direba ya miƙo hannu zai sa ta a but ɗin mota, na ƙanƙame abata. Bappa ya ce, "Ke 'yar nan, zinare ne a ciki?" Na ce maganin ido ne, ba ya son zafi. Ƙaryar farko ke nan, kuma ita ce ta bi ni har Garwa.

Kusa da ni wata mata ce 'yar Billiri, mai fara'a, da buhun mangwaro tsakanin ƙafafunta. Kafin mu kai Kumo ta ba ni labarin 'ya'yanta biyar da surukarta. Ta miƙo min mangwaro biyu manya, na karɓa na riƙe. Bayan an jima ta ce, "Sha mana, ba na sayarwa ba ne." Na ce sai anjima. Da za ta sauka ta kalli mangwaron a cinyata ta ce, "'Yan matan birni, ku dai ba kwa cin abin mutane." Abin ya dame ni. Da ta san lissafin da nake yi a kan mangwaro guda da ba ta ce haka ba, amma ta ina za ta sani?

Daga Kaltungo zuwa Numan hanya ta jijjiga mu har haƙora na haɗuwa. Kafin azahar ƙanƙarata ta zama ruwan ɗumi. A Numan da aka tsaya salla da cin abinci na zaga na sayi wata a wajen mai lemo, na canza a ɓoye kamar mai satar kaza. Mun kwana a Jimeta, gidan wani abokin kasuwancin Bappa. Matar gidan ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka tun kafin magariba, ta zauna tana jira in fara. Na ce zan zaga. A banɗakin mutane, a tsaye, da sirinji a baki ina ɗage riga, na yi allurar yamma. Shekara huɗu haka nake yi a duk gidan da na je, har na daina ganin abin a matsayin wahala.

Washegari muka kama hanyar iyaka. Motar ta fi ta jiya tsufa, ƙura kuwa har cikin kunne. A bakin iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Ɓangarenmu ba a ɗau lokaci ba. Da muka tsallaka sai ga jami'ai cikin wani irin kaki, suna magana da Faransanci da Fulatanci. Bappa ya shiga wata rumfa da takardunmu, ni kuma wani dattijon jami'i mai furfura a gemu ya nuna jakata. Ya buɗe, ya ɗaga atamfofin barka, sai ga ledar sirinji guda ashirin.

Ya tambaye ni da Hausa, "Wannan fa?"

Na waiga, Bappa bai fito ba. Na ce, "Saƙo ne, ranka ya daɗe. Wata tsohuwa za a kai wa." Na miƙa masa takardar asibiti, na manta sunana da shekaruna ne a kai.

Ya duba takardar, ya buɗe kular, ya ɗaga kwalba ɗaya ya mayar da sauri ya rufe, kamar wanda ya san kan abin. Sannan ya kalli yatsuna. Duk wanda ke gwada jininsa kullum, kan yatsunsa cike yake da ɗige-ɗigen baƙi. Ya ninke takardar ya ba ni, ya ce, "Mahaifiyata ma irinsa take yi. Ki gaida tsohuwar. Ki ce mata tafiya ba ta hana cin abinci a kan lokaci." Ina shiga mota na juya fuska ga taga don kar Bappa ya ga idona.

Garwa gari ne mai kyau, amma zafinsa ba irin namu ba ne. Na Gombe yana dukanka daga sama, nasu kamar daga ƙasa yake tasowa. Ba keke kamar nan, babur ne ko'ina, mata da goyo da kaya duk a kai. Fulatanci shi ne abin magana, ɗan wanda na tsinta a unguwar Kumbiya-Kumbiya wajen kakata bai kai ni ko'ina ba, ina buɗe baki ake dariya a ce 'yar Najeriya ta zo. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da tauri, a tsaga shi a zuba wake ko ƙwai da taliya a ciki. Zoɓo kuwa, da suke kira folere, ba sha kawai ake yi ba, har miya ake yi da ganyensa, mai ɗan tsami, da kifin kogi. Shayi kuma ba a tambayarka cokali nawa. A tukunya ake zuba sugan, a wajensu rage wa baƙo suga rowa ce.

Goggo Dija ta rungume ni ta yi kuka, ta ce fuskar Baba ce sak. Mace ce mai jiki, mai faɗa da dariya lokaci guda. Sana'arta sayar da ƙanƙara da folere mai sanyi, tana da wata ƙatuwar firiza a zaure wadda take ji da ita kamar 'yar fari. Da ta ga ina riƙe da kula ta tambaya, na maimaita mata zancen maganin ido. Ta ce, "Kawo nan. A gidana abu ba ya lalacewa da zafi." Bayan na yi allurar yamma a ɓoye, na miƙa mata gwangwanin, ta tura shi can ƙasa tsakanin ledojin ƙanƙara.

A nan nake so ku fahimce ni, don na sha tambayar kaina yadda aka yi na yarda. A gidanmu ma a firiza nake ajiye maganina. Shekara huɗu. Amma kun san wutar unguwarmu: a kawo awa biyu a ɗauke kwana guda. Firizarmu tunda aka saye ta ba ta taɓa daskarar da ko ruwan leda ba, sanyin randa kawai take yi, har Mama na ajiye tumatir a ciki. A kaina, firiza wuri ne mai ɗan sanyi. Ban taɓa zama a gidan da wuta ke kwana ta wuni ba. Har na ji daɗi a raina, na ce yau maganina ya samu gata.

Da safe na faki ido na ɗauko gwangwanin, ya manne min a yatsu. Kwalaben biyu sun zama dutse. Maganin da na sani fari kamar ruwan madara ya dunƙule ya koma ƙanƙara. Na sa kwalba ɗaya a hammata har ta narke. Na mirgina ta a tafin hannu kamar kullum, na ɗaga ta wajen haske, sai na ga wasu 'yan gudaji kamar tsakin kunu, wasu sun manne a jikin gilashin sun ƙi sauka. Na tuna maganar Sista, kar ya taɓa ƙanƙara. Layina na Najeriya ba ya aiki a can. In zan kira ta sai na ari wayar Goggo, a tsakar gida cike da 'yan barka, in yi bayani da Hausar da rabinsu ke ji. In zan nemi sabo sai wani ya raka ni kemis ya yi min tafinta. Na ce wa kaina ai zafi aka ce yana kashe shi, sanyi kuwa gyara ne. Na zuƙa na yi allurata. Na mayar da gwangwanin gindin randa, ban sake kai shi firiza ba, ina ganin na gyara kuskure.

Ina da 'yar na'urar gwada jini. A gida idan na tashi takan nuna shida ko bakwai. Ranar nan da yamma ta nuna sha biyar. Na ce gajiyar hanya ce da burodi. Na buɗe kwalba ta biyu, ita ma gudajin ne. Ranar suna ta nuna ashirin da biyu. Na ƙara yawan allurar da kaina, abin da aka hana ni yi, ba abin da ya canza. Kamar ruwa nake tsira wa cinyata.

Sunan ya yi kyau, an ce. Ni abin da na sani shi ne ƙishi. Ƙishin da ban taɓa ji ba tun farkon ciwon, harshena kamar tsumma. In sha moɗa biyu, in zaga, in dawo in sake sha. Mata suna ta guɗa, ana ta shiga da kwanuka, ni ina jingine da randa. Wata ƙawar Goggo ta ce, "Baƙuwarku ba ta saba da ranarmu ba." Goggo ta aiko min da folere mai sanyi, kofi cike. Na san abin da ke ciki. Na kai baki na yi kamar na sha, na zubar a bayan ɗaki. Na biyu kuwa Goggo tana tsaye a kaina, sai da na shanye.

Washegari da hantsi na fara amai. Cikina yana murɗawa, numfashina ya koma mai zurfi da sauri kamar na yi gudu, alhali ina kwance. Na lallaɓa na gwada jini. Na'urar ba ta nuna lamba ba, haruffa biyu kawai ta nuna, waɗanda Sista ta taɓa ce min idan na gan su kar in jira komai, in tafi asibiti. Na tura ta ƙarƙashin filo. Ko a lokacin, wallahi, tunanina shi ne me Mama za ta ce.

Goggo ta shigo da Bappa. Ta taɓa goshina ta ce, "Ba zazzaɓi. Amai ne ya tsotse ta. Usmanu, ka ji bakinta kuwa? Wani irin wari kamar mangwaron da ya ruɓe." Ta fita ta dawo da babban kofi tana juyawa da cokali. Ta ce, "Tashi, Ma'una. Ruwan suga ne da ɗan gishiri, shi ke mayar da ƙarfi. Na zuba sugan da yawa." Ta tallafo kaina ta kawo kofin bakina.

Ina ganin fuskarta kamar ta cikin ruwa. Na san idan na sha, kuma na ci gaba da yin shiru, a ɗakin nan za a yi min wanka. Kuma matar nan da ke ƙaunata ita za ta ba ni da hannunta, ba ta sani ba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage na ture kofin.

Na ce, "Goggo, kar ki ba ni. Ciwon suga gare ni. Abin da ke gwangwanin nan ba maganin ido ba ne, allurata ce, kuma ta lalace. Ku kai ni asibiti yanzu."

Goggo ta ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Ta cire mayafinta ta lulluɓa min, ta ce da Bappa, "Me kake jira? Nemo mota." Na ce a ɗauko gwangwanin da takardar da ke jakata. Bayan wannan ban san abin da ya faru ba sai guntu-guntu.

Na farfaɗo sosai washegari, da ƙarin ruwa a hannu biyu. Nas ɗin da ke kula da ni sunanta Madam Selin, 'yar kudancin ƙasar ce, ta daɗe a Garwa, tana jin Hausa irin ta kasuwa. Ita ce ta zauna ta yi min bayanin da ban taɓa nema ba duk shekarun nan, don ni burina kullum in karɓi magani in gudu kar wani ya gan ni.

Ta ɗaga kwalbata ta nuna wa Goggo gudajin. Ta ce, "Wannan magani ɗan'uwan farin ƙwai ne. Ka dafa ƙwai, ka iya mayar da shi ɗanye? To sanyi mai yawa ma haka. Ruwa idan ya daskare yana yin ƙananan tsinke-tsinke, suna murƙushe maganin. Ya narke, ido ya ga kamar magani, amma aiki babu." Ta ce insulin kamar makulli ne mai siffa ta musamman, idan ya lanƙwashe ko kaɗan ba ya buɗe ƙofa. Wurin ajiyarsa firij ne, inda ake sa kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba.

Na tambaye ta warin da Goggo ta ji. Ta ce idan babu insulin, suga yana cika jini amma tsoka tana jin yunwa, kamar gida cike da hatsi an kulle rumbu. Sai jiki ya koma ƙona kitsensa, ƙonawar kuma tana barin wani abu mai tsami a jini. Shi ne warin, shi ne aman, shi ne numfashin nan mai zurfi, jiki ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu. Ƙishin kuma ƙoda ce ke kwashe ruwan jiki don ta wanke sugan ta fitsari. Ta ce, "Da kun ƙara wuni ɗaya a gida..." Sai ta gyara min ledar ruwa.

Akwai abin da ya ba mu dariya a kwana na uku, ko da yake ni da farko ba dariya na yi ba. Madam Selin ta gwada ni ta ce, "Yau biyu. Ya yi kyau." Na zabura na ce a ba ni suga da sauri, don a na'urata biyu na nufin suga ya faɗi ƙasa, mutum na dab da suma. Ta riƙe ni tana dariya. Ashe ma'auninsu daban ne da namu, kamar mudu da tiya. Biyunsu wajen sha ɗaya ne a tawa. Ta rubuta min yadda ake juyawa a bayan katina. Bappa ya ce, "Ikon Allah. Kuɗinsu daban, burodinsu daban, har jinin ma ba su bar shi ba."

Abin da ya fi ciwon wahala shi ne fushin Goggo. Kwana biyu tana jinyata ba ta kalli idona ba. Tana goge min jiki, tana kawo abincin da Madam Selin ta ce, amma ba hira. A rana ta uku da azahar, muna mu biyu, ta ce, "Da hannuna na tura shi ƙasan firiza. Har ina zaɓa masa inda ya fi sanyi."

Na ce, "Goggo, ba laifinki ba ne. Ni na yi miki ƙarya."

Ta ce, "Na sani ba laifina ba ne. Shi ya sa nake jin haushi. Da ɗan'uwana ya rasu na ce ko ba komai ya bar min ke. Ashe ku kun ajiye ni a bare. Kin zo gidana, na ɗura miki folere, na ɗura miki shayi, kina kallona. In da kin mutu fa? In ce wa uwarki me? In ce wa kaina me har in koma ga Allah?"

Na yi kuka, ita ma ta yi. Daga baya ta share ido ta ce, "To yanzu koya min. Yaya ake gane sugan ya hau, yaya ake gane ya sauka?" Na gaya mata idan ya sauka mutum yana rawa da gumi da ruɗewa, a nan ne suga ke ceton rai. Idan ya hau kuwa ƙishi ne da yawan fitsari da amai, a nan asibiti ake nufa. In ana shakka a gwada. Ta sa na maimaita sau uku, tana ƙirgawa da yatsu. Da aka sallame ni na koma gidanta na yi kwana goma ina murmurewa. Duk baƙon da ya shigo sai ta ce, "Shayin Ma'u daban, kar wanda ya sa masa suga," da ƙarfi, ko a jikinta. Ranar farko kamar ƙasa ta tsage in shige. A rana ta huɗu na lura ba wanda ya fasa zama kusa da ni. Wata tsohuwa ma cewa ta yi in gwada mata nata.

Don dawowa, Madam Selin ta ce in bar dogaro da ƙanƙarar hanya. Ta ce kwalbar da ake amfani da ita tana jure 'yan makonni ba firij, in dai ba ta sha rana ba. Goggo ta samo 'yar ƙaramar tukunyar ƙasa, muka zuba jiƙaƙƙen yashi, muka sa sabuwar kwalba cikin leda a tsakiya, muka rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Dabarar randa ce: ruwa yana tsattsafowa ta jikin tukunya, iska tana busar da shi, busarwar tana tafiya da zafin, kamar yadda gumi ke sanyaya mutum. Ba ya daskarewa, ba ya dahuwa. Ni ba likita ba ce, duk mai irin ciwona ya tambayi nas ɗinsa kafin ya kwaikwaye ni. Amma ya tambaya. Ni rashin tambaya ne ya kusa kai ni.

Bappa ne ya riƙe tukunyar a cinyarsa tun daga Garwa har Gombe, yana yayyafa mata ruwa kamar mai renon jariri. A Numan da aka tsaya cin abinci ya ce wa direba, "Malam, ba za mu tashi ba sai 'yata ta yi allura ta ci abinci. Mai sauri ya hau jirgi." Na zauna a benci cikin mata, na juya baya kaɗan, na yi abina. Wannan karon ba a banɗaki ba.

Har yau ban koma daidai ba. Kowace kwalba sai na ɗaga ta wajen haske sau biyu, sau uku, kafin in yarda da ita. Wani lokaci ƙishi na yau da kullum ya kama ni sai gabana ya yanke ya faɗi. Sista Rifkatu ta ce zai wuce a hankali. Ta kuma ce laifinta ne da ba ta faɗa min dalili ba, na ce nawa ne da ban tambaya ba, muka bar shi a haka.

Mama ce ban san yadda za mu ƙare ba. Goggo ta riga ta kira ta tun ina asibiti, kuma na san ba ta tauna mata magana ba. Da na dawo ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba, amma ba ta ɗauko zancen ba. Da na ce mata zan rubuta wannan in tura muku, ta ce, "Ma'u, idan ya fita ba ya dawowa. Kowa zai sani." Na ce, "Mama, so nake su sani. Duk inda na faɗi, ina so na kusa da ni ya san abin da zai yi." Ta tashi ta shiga kicin.

Shekaranjiya da la'asar maƙwabciyarmu Maman Ladi, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta shigo yi min sannu da zuwa. Ta dube ni ta ce, "Kai, Asma'u, kin rame. Zazzaɓin can ne ya kama ki?"

Na buɗe baki, amma Mama ta riga ni. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Na ga hannunta ya tsaya a cikin tiren.

Ta ce, "Ba zazzaɓi ba ne. Jawo kujera ki zauna, Maman Ladi. Ke ce kusa da mu idan ba na nan. Ma'u, ɗauko na'urar ki nuna mata."